Wayar Mami Ta Tsaya a Ƙofa

SHAFI NA 19

Masu zagin Nafeesa a ƙarƙashin shafin jiya, duk na gani, ban goge ko ɗaya ba. Wata har cewa ta yi in ba ta lambarta ta kira ta da kanta. Ku dai ku sassauta, uwa ce. Mun bar su a mota ita da mijinta Lukmanu, sun nufi Bwari, makarantar kwanan da 'yarsu Kauthar take.

*

Tun daga unguwar Dutse har suka fara hawan tudun Bwari, Nafeesa ba ta kalli titi ba. Waya na ɗage a hannunta, tana gyara zaman ɗankwali a cikin kyamara.

"Assalamu alaikum mutanen Tsakar Gida! Yau fa rana ce. 'Yarku Kauthar za ta yi jawabi a gasar makarantu, kuma ni Nafeesa zan kawo muku komai da komai, ko tari aka yi sai kun ji..."

Motar ta faɗa rami. Ta ja tsaki ta goge.

"Karo na nawa ke nan?" in ji Lukmanu.

"Na huɗu. Don Allah Abban Kauthar ka dinga kauce wa ramukan nan."

Ya ci gaba da tuƙinsa.

Shekara huɗu ke nan da ta buɗe shafin Tsakar Gidan Nafeesa. Da girki ta fara, sai tarbiyya, sai ya zamana duk abin da ya motsa a gidansu na Gwarinpa sai mutum dubu ɗari uku da tamanin sun gani. Har aikinta na gwamnati ta ajiye saboda shi. In ta shiga kasuwar Wuse sai an nuna ta, ana "ga ta can, ita ce". Ba ta ɓoye cewa tana jin daɗin hakan.

Kauthar kuwa shekararta goma sha huɗu, kuma tun tana ƙarama take da in'ina. A hutun da ya wuce ta shigo falo a guje za ta ce miya ta ƙone, kalmar ta maƙale mata. "Mi... mi... mi..." Nafeesa na riƙe da waya, sai ta danna. Ta saka a shafi, ta rubuta a ƙasa: Kafin Kauthar ta gama magana gida ya ƙone. Kwana uku aka yi, mutum miliyan biyu suka kalla. Wasu samari suka ɗora wa muryar kiɗa, ana rawa da ita.

Tun da aka koma makaranta, Kauthar ba ta kira uwarta ko sau ɗaya ba.

A ƙofar babban ɗakin taro wata mata ta tare su. Doguwa ce, baƙa, da tabarau rataye a wuya. Madam Elizabeth Yamusa ke nan, malamar Turancin su Kauthar, haifaffiyar nan Bwari, 'yar ƙabilar Gbagyi. Hausarta irin ta mutanen wurin ce, ba ta damu da namiji ko mace ba.

"Oga Lukmanu, sannu da zuwa. Wannan ne Maman Kauthar?"

"Ita ce, Madam."

Nafeesa ta yi murmushin nan nata na kyamara. "Ai na san kin gane ni."

"Na gane ki," in ji Madam, ba ta mayar da murmushin ba. Ta zaro wata 'yar takarda a ninke daga cikin littafinta. "Yarinyan ya ce in ba ki wannan kafin ki shiga."

Rubutun Kauthar ne, ƙanana a jere.

Mami, ina so ki shigo. Amma ke kaɗai, ban da waya. In ba za ki iya ba, ba komai, ki jira a mota.

Nafeesa ta karanta sau biyu. Ta yi 'yar dariya.

"Yara ke nan. To zan saka ta a jaka."

Madam ta miƙo tafin hannu. "Ba jaka ya ce ba."

"Ban gane ba."

"Ki ba ni. In an tashi ki karɓa."

"Madam, da girmanki. Kin san mutum nawa ke jira na yanzu? Na riga na yi musu alkawari. Wannan wayar da kike gani ofishina ce."

"To ki je ofis. Mu nan makaranta ne."

Nafeesa ta juya wurin mijinta. "Abban Kauthar, kana ji fa!"

"Ina ji."

"Ba za ka ce komai ba? 'Yata ce. Ni na ɗauki cikinta, ni na haife ta. Yau ranar da za ta fita kunya a idon duniya, a ce ba zan ɗauka ba? Waɗanda suka yi mata dariya ai su ya kamata su gani!"

"Wa ya kai musu ita suka yi dariyar?"

A hankali ya faɗa, amma sai da ta ja baya.

Madam ta janye su gefe, daga bakin ƙofa, don iyaye na ta wucewa wasu na waiwaye.

"Maman Kauthar, bari in faɗa miki abin da ba ki sani ba. Ranan da yara suka dawo hutu, ta shiga ɗakin cin abinci, yara sama da ɗari biyu suka fara buga cokali a faranti. Mi, mi, mi. Da kiɗan nan. Ina tsaye a wurin."

Madam ta ci gaba.

"Sati bakwai yarinyan nan bai yi magana a aji ba. Ko ɗaya. In na yi tambaya, sai ta rubuta a takarda ta turo. Yarinyan da ya fi kowa Turanci a ajina. Wata rana ta zo ofishina da takarda, ta rubuta wai ko za a iya canza mata suna a rajista, a daina kiran Kauthar."

"Innalillahi... Me ya sa ba a kira ni ba?"

"Na kira. Sau uku. Na tura saƙo."

Nafeesa ta tuna. Baƙuwar lamba ce, ta zaci masu neman talla ne, ta ce za ta duba daga baya.

"Da ban same ki ba na kira Oga. Shi ne yake zuwa kowane Asabar."

Ta juyo a hankali. "Kowace Asabar?"

"Sati tara ke nan," in ji Lukmanu.

"Ka ce min ofis kake zuwa!"

"Sau biyu na farko gaskiya na faɗa miki. Na tsaya a kanki a falo na ce, Nafeesa zan je Bwari wurin Kauthar, ba ta da lafiyar zuciya. Kika ce, to, a dawo lafiya, a taho da tumatir. Ba ki ɗago ba. Daga nan na ga ko ofis na ce, ko Bwari, ko Legas, duk ɗaya ne."

Wayar ta yi ƙara a hannunta. Kafin ta ankara idonta ya sauka a kan gilashin, babban yatsanta har ya ɗaga. Ta ɗago ta ga su biyun suna kallonta.

Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa.

"Me kuke yi ranar Asabar ɗin?" ta tambaya, muryarta ta yi ƙasa.

"Zama," in ji Madam. "Ni da ita da babanta, a aji babu kowa. Ta karanta layi ɗaya, mu jira. Wani lokaci layi ɗaya minti biyar. Ba ni na sa ta a gasan nan ba, Maman Kauthar. Ita ta kawo sunanta da kanta. Na ce mata makarantu goma sha biyu ne fa, duk sun ga bidiyon. Ta ce shi ya sa."

Daga ciki aka fara gwada lasifika. Madam ta sake miƙo hannu.

Nafeesa ta kalli wayar. Shekara huɗu ko banɗaki da ita take shiga. Ta danna gefe har gilashin ya yi baƙi, ta ɗora a tafin Madam. Sai da Madam ta ɗan ja kafin yatsunta suka saki.

*

Kauthar ce ta tara a jerin masu jawabi.

Takwas ɗin farko Nafeesa ba ta ji me suka ce ba. Hannunta sai shiga jaka yake yana fitowa wayam. Sau ɗaya har ta ɗauki wayar Lukmanu da ke kan cinyarsa ba ta sani ba, ya zare ya saka a aljihu. Ba ta san inda za ta ajiye idonta ba. Sai ta fara kallon mutane, abin da ta daɗe ba ta yi ba: wani uba yana share gumi da hula, wata uwa tana motsa baki tare da ɗanta da ke kan dandamali, ta haddace jawabin tsaf.

"Kauthar Lukmanu."

Daga bayan ɗakin, inda ɗaliban wata makaranta suke, wani ya yi siririyar murya. "Mi, mi, mi!"

Dariya ta tashi. Nafeesa ta yunƙura za ta miƙe, Lukmanu ya riƙe mata hannu.

"Zauna. Kalli 'yarki."

Kauthar ta hau dandamali cikin farin hijabi da shuɗin siket na makaranta. Ta yi tsawo. Yaushe ta yi wannan tsawon? Ta gyara makirfon daidai bakinta, ta tsaya tana kallon inda dariyar ta fito, har sai da dariyar ta mutu da kanta.

Da Turanci ta yi jawabin, amma ga abin da ta ce.

"Su... sunana Kauthar. Ina da in'ina. Na san kun sani."

Ɗakin ya yi tsit.

"Ku in za ku yi magana, buɗe baki kawai kuke yi. Ni kowace ka... kalma sai na je na ɗauko ta. Wata tana zuwa da sauƙi. Wata sai mun yi kokawa. Shi ya sa ba na zagi. Ba na gulma. Wahalar ta yi yawa a kan abin da ba shi da amfani."

Aka yi dariya, amma wata irin dariya daban. Kauthar ma ta ɗan murmusa.

Ta yi magana a kan yaran da ake cewa ba su da ƙoƙari alhali amsar na bakinsu, malami ne bai jira ba. Ta kawo alƙaluma. Ta maƙale a wata kalma har Nafeesa ta ji numfashinta ya tsaya, yarinyar ta rufe ido, tana buga yatsu biyu a gefen teburin, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, har kalmar ta fito.

Nafeesa ta san wannan bugun.

"Wannan da kuka ga ina yi," in ji Kauthar, ta ɗaga yatsun, "ma... mahaifiyata ce ta koya min. Ina shekara biyar. Kullum in ta dawo daga aiki, ko takalmi ba ta cirewa, sai ta zaunar da ni a kan teburin kicin ta riƙe hannuna muna bugawa. Wata shida muka yi kafin na iya faɗin sunana. Ranar da na faɗa, ta goya ni ta zagaya layinmu gaba ɗaya, da takalmin ofis a ƙafarta. Duk abin da kuka sani game da ita, wannan ba ku sani ba. Tana nan a ɗakin nan."

Ba ta nuna ta ba. Ba ta ambaci bidiyo ba, ba ta ambaci miya ba.

Nafeesa ta toshe baki da gefen mayafi. Hawaye na bin hodar da ta ɓata minti arba'in tana shafawa.

Ƙararrawa ta kaɗa. Minti biyar sun cika.

Kauthar ta kalli alƙalan gasar. "Saura la... layi uku. Na san za ku rage min maki. Ku rage."

Ta ƙarasa layinta uku, ba ta yi sauri ba. Ta ce na gode, ta ja baya.

Wanda ya fara miƙewa wani dattijo ne a layin gaba. Sai layinsa. Sai ɗaliban makarantar su Kauthar, waɗanda suka buga mata cokali, suka miƙe suna tafi suna kiran sunanta. Madam Elizabeth na tsaye a jikin bango ta harɗe hannu, tabarau a hanci, tana gyaɗa kai kamar ba abin mamaki.

Nafeesa ba ta san lokacin da ta rangaɗa guɗa ba. A ɗakin taron 'yan boko, gaban alƙalai masu kwat. Ta kama hannun matar da ke kusa da ita, wadda ba ta taɓa gani ba.

"'Yata ce! Wallahi 'yata ce! Ni na haife ta!"

"Allah ya raya, Hajiya," in ji matar, ita ma tana share ido.

Lukmanu bai yi tafi ba. Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa.

Na biyu ta zo. Makin da aka rage na lokaci ne ya hana ta na ɗaya, babban alƙalin ma da bakinsa ya faɗa. Nafeesa ta ce ko na goma sha biyu aka ba ta, ita dai ta ga wanda ya ci.

*

A ƙarƙashin bishiyar mangwaro da ke gefen ɗakin taro suka haɗu. Rana ta take. Kauthar ta taho da ɗan kofin da ta ci a hannu, ta rungume babanta, sannan ta tsaya taku biyu daga uwarta.

"Mami, kin shigo."

"Na shigo."

"Na leƙo ta taga. Na ga lo... lokacin da kika ba Madam."

Nafeesa ta so ta ce abubuwa da yawa, irin masu daɗin nan da take tsarawa a shafi. Duk suka gudu. Sai kawai ta durƙusa a kan ƙasa, da leshinta mai tsada, ta kama hannun yarinyar.

"Kauthar, na cuce ki. Ba wasa ba ne, ba kuskure ba ne. Na ga kina wahala na ɗauka don a yi dariya, kuma da aka yi dariyar na ji daɗi. Na ga lambar masu kallo tana hawa na ƙi gogewa. Ki yafe min. Yau ɗin nan... ban taɓa jin girman kaina kamar yau ba, kuma ba ni na yi komai ba, ke ce."

Kauthar ta daɗe tana kallonta.

"Ki tashi, Mami. Ana kallo."

"A kalla."

"Don Allah ki tashi."

Ta tashi. Yarinyar ta faɗa jikinta, kofin ya daki bayan Nafeesa, ba ta ko ji ba. Ta shaƙi ƙanshin sabulun makaranta a hijabin, tana ta faɗin, "Allah ya yi miki albarka, Allah ya yi miki albarka."

Madam Elizabeth ta ƙaraso, ta miƙo wayar. "Ga ofishinki."

Nafeesa ta karɓa, za ta jefa a jaka.

"Mami, kunna."

"A'a. Sai mun je gida. Ko gobe ma. Ina zuwa gida zan goge bidiyon nan, na rantse miki."

"Gogewa ba za ta yi komai ba. Yana wayar kowa." Kauthar ta miƙa wa babanta kofin. "Kunna ki ba ni."

Ta kunna. Saƙonni suka dinga shigowa kamar ruwan sama a kan kwano. Ina kike? Hajiya mun gaji da jira. Ko yarinyar ta kasa ne?

Kauthar ta karɓi wayar. "Ina kike dannawa in za ki yi magana kai tsaye?"

"Kauthar," in ji Lukmanu.

"Abba, ba faɗa zan yi ba."

Nafeesa ta kalli mijinta, ta kalli Madam. Madam ta ɗaga kafaɗa. Nafeesa ta nuna wa Kauthar wurin.

Kauthar ta danna. Ta ɗaga wayar daidai fuskarta, yadda ta sha gani ana yi a gidansu. Lambar masu kallo ta fito a sama. Ɗari uku. Dubu ɗaya da ɗari biyu. Dubu huɗu.

"A... assalamu alaikum. Ni ce Kauthar. Kun san ni, ni ban san ku ba."

Rubutu ya fara gudu a ƙasa. Wasu na sa alamar zuciya. Wasu na sa fuska mai dariya. Kauthar ta bi ɗaya da ido ta karanta a fili, ba ta maƙale ko sau ɗaya ba.

"Wani ya ce, miyar ta ƙone? E, ta ƙone. Kuɓewa ce."

Ta matso kusa da uwarta har kafaɗunsu suka haɗu, ta juya wayar ta ɗauke su su biyu.

Nafeesa ta ga kanta a gilashin. Kwalli ya zubo har kumatu, ɗankwali ya karkace, ƙasa a gwiwar leshi. Ba ta taɓa bari mutanen Tsakar Gida su gan ta haka ba. Hannunta ya ɗaga zai gyara, Kauthar ta kama shi ta riƙe.

"Mutum dubu tara ne, Mami," ta ce, idonta a kan kyamara. "Abin da kika faɗa min yanzu a ƙarƙashin bishiyar nan, ki faɗa musu."

Lambar ta koma dubu goma sha ɗaya.